Bayan allon RV-6: yadda ake sabunta na'urori da wayoyin jirgin da aka haɗa a gida

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirgin sama a garejin gidansa ya kuma tashi da shi, muddin fiye da rabin aikin masu sha'awa ne suka yi shi don koyo ko nishaɗi, ba don kasuwa ba. Hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a ƙasar tana yi wa irin waɗannan jirage rajista a rukunin na gwaji, kuma waɗanda suka fi yawa a cikinsu su ne samfurin RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa. RV-6 mai kujera biyu gefe da gefe ya shiga kasuwa a 1986, ɗan'uwansa RV-6A mai taya a gaba ya biyo baya, kuma shi ne asalin Air Beetle da aka haɗa guda 60 a Kaduna don horar da matuƙan sojan saman Nijeriya. Da yawa daga cikin RV-6 da aka kammala a shekarun 1990 har yanzu jikinsu garau yake, injin Lycoming O-320 ko O-360 da ke gabansu yana aiki. Abin da ya tsufa shi ne allon na'urori da ke gaban matuƙi da tarin wayoyin da ke bayansa. Dokar ADS-B da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, wadda ta wajabta wa jirgi ya riƙa sanar da matsayinsa a yawancin sararin da ke da cunkoso, ita ta tura mutane da dama suka buɗe allon. Wanda ya buɗe kuwa da wuya ya tsaya kan na'ura ɗaya.

Mai sayen kaya idonsa kan sikirin yake, Garmin G3X ne ko Dynon SkyView, inci 7 ko inci 10. Amma sikirin ba kasafai yake ba da kunya ba. Abin da ke kashe allo a sama shi ne kan waya da bai matsu ba, ko waya da ta yi shekara biyu tana gogar gefen ƙarfe, ko tsarin da aka rataya komai a wuyan makunni guda. Duk waɗannan a bayan allo suke, inda ba mai ɗaukar hoto.

Tsohon allo yana da agogo shida na asali. Uku iska ke motsa su ta tiyo: na gudu, na tsayi, da na saurin hawa ko sauka. Biyu, wato mai nuna zaman jirgi da mai nuna inda hanci ya dosa, jairo ne, wato faifai mai juyi da sauri, wanda famfon zuƙar iska da ke jikin inji yake juyawa. Na shida, mai nuna juyi, shi ne mai cin wutar batir. An yi wannan rabo da gangan. In wuta ta ɗauke, famfo na nan. In famfo ya karye, wuta na nan. Ranar da aka cire famfon da tiyoyinsa aka sa sikirin, an rage nauyi, an rabu da famfon da yakan mutu ba sallama, amma an ɗora komai a kan lantarki. In kuma an sauya maganeto, na'urar da ke ba fulogi tartsatsi da kanta, da tsarin tartsatsi na lantarki, har injin ma ya shiga sahun masu jiran batir. Saboda haka tsarin wutar da ya wadatar a 1995 bai wadatar ba yanzu, ko da sabbin na'urorin ba su kai tsofaffin cin wuta ba.

Kafin a kwance sukuru ko ɗaya akwai abu biyu. Na farko a cire kan batir, a fara da negatif. Na biyu ya fi haɗari don ba ya nuna alama: maganeto ba ya bukatar batir, kuma kashe shi ana yi ne ta hanyar haɗa wayarsa da jikin jirgi. Da zarar an zare makullin daga allo aka cire wayoyinsa, maganeto biyun a kunne suke. Wani ya jingina da farfela ya ɗan juya ta, injin na iya tari, kuma tari ɗaya ya isa ya karya hannu. A cire wayoyin fulogi duka, ko a haɗa kowane maganeto da jikin inji da guntuwar waya a can inda yake, sannan a rataya takardar gargaɗi a farfela.

Daga nan sai tambayar da kowa ke so ya kauce wa: a ɗinke sabuwar waya a kan tsohuwa, ko a kwashe duka? In jirgin ya wuce hannu biyu ko uku, abin da ake tararwa sananne ne. Wayar mota mai rigar PVC, salatif da ya narke ya zama danƙo, wayoyi da aka yanke aka bari suna lilo ba a san inda suka fito ba, ga babu zane. Bin sawun irin wannan ya fi sake shi cin lokaci, kuma ƙarshensa gyaran gangar Auzinawa. Shawarar da ta fi ita ce a cire duk abin da ke tsakanin allo da bangon da ya raba inji da mazauni, a bar wayoyin fukafukai da na wutsiya kawai in an duba an ga irin na jirgi ne kuma rigarsu ba ta goge ba. Kowace da za a bari a manna mata suna kafin a yanke ta, ba bayan an yanke ba.

Aikin gaske a takarda yake farawa. A jera duk abin da ke cin wuta da yawan amfiyar da yake ja, daga littafin kowace na'ura, a kuma raba su gida biyu: masu ci kullum da masu ci na ɗan lokaci. Babban sikirin yakan ja tsakanin amfiya 2 da 3 da rabi. Rediyo tana jan kusan rabin amfiya in tana sauraro, ta haura zuwa 4 ko fiye in ana magana. Abin ɗumama bututun pitot, wanda ke ɗebo wa agogon gudu iska, yana kaiwa 10. Famfon mai na taimako, motar filaf (fallen bayan fiffike da ake saukarwa wajen sauka) da fitilar sauka na ɗan lokaci ne. Akwai biyu da ake yawan mantawa: babban rilen batir, wato makunnin da wuta ke riƙewa a kunne, da kansa yana shan kusan amfiya ɗaya muddin yana riƙe, altaneta kuma tana cin wasu 'yan amfiyoyi don ta haifar da sauran. Ƙa'idar da ke cikin AC 43.13-1B, takardar FAA da makanikan jirage ke aiki da ita, ita ce masu ci kullum kada su wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin altaneta. Altaneta mai amfiya 60 ke nan tana da 48, ragowar na cika batir ne.

Sai lissafi na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci: in altaneta ta mutu, me zai rage, kuma har tsawon wane lokaci? Batir irin Odyssey PC680 da ake yawan sa wa RV an rubuta masa kimanin amfiya-awa 16, amma wannan adadi na jan wuta a hankali ne cikin awa 20, kuma na sabon batir ne. In ana jan amfiya 8, kada a raba 16 da 8 a ce awa biyu. Ba zai kai ba, balle batir mai shekara uku. Jirgin kuwa yana ɗauke da galan 38 na mai, wanda ya fi awa uku a sama. Hanyar cike wannan giɓi ita ce a ware ƙaramin layin wuta na dole, a ɗora masa sikirin ɗaya, rediyo ɗaya, taransfonda mai amsa wa radar ƙasa, da GPS, a ba shi hanya biyu. Ta yau da kullum tana zuwa daga babban layi ta cikin dayod, ta biyu kuma kai tsaye daga batir ta makunninta. In altaneta ta tafi, sai a kunna ta biyun a kashe babban makunni, duk sauran kaya har da rilen nan mai shan amfiya ɗaya su sauka lokaci guda. Dayod ɗin shi ke hana wuta komawa baya zuwa babban layi. Ga kuma wata dama da cire famfon iska ya bayar: gurbinsa a bayan inji yana nan babu kowa, kuma akwai ƙananan altaneta da aka yi don wannan gurbi, kamar SD-8 ta kamfanin B&C mai amfiya 8. Ga mai tashi cikin gajimare, ko mai injin da tartsatsinsa ke bukatar wuta, wannan ba ado ba ne.

Makunni ɗaya da ke kunna dukan rediyoyi da sikirin al'ada ce da aka gada daga zamanin da ake tsoron tayar da inji zai ƙona rediyo. Wanda ya ga dama ya sa shi, amma ya sani in ya lalace allon duka ya yi duhu, don haka hanya ta biyun nan dole ta zagaye shi. Matsalar tayar da inji ta yau daban ce. Kik yana jan amfiya 200 ko fiye, wutar layi ta faɗi ƙasa da folt 10 na ɗan lokaci, sikirin ya mutu ya fara tashi daga farko. Daidai lokacin ne kuma matuƙi ke bukatar ganin matsin man inji, wanda Lycoming ta ce in bai hau cikin daƙiƙa 30 ba a kashe injin. Ƙaramin batir na ajiya da ke riƙe sikirin shi kaɗai yana magance wannan.

Shi kansa allon farantin alminiyum ne, galibi 2024-T3 mai kaurin inci 0.063. Ramukan agogo masu zagaye girma biyu ne, inci 3 da ɗaya bisa takwas da inci 2 da kwata, jerin rediyoyi kuma faɗinsa inci 6 da kwata. Yanke fuska ba wuya, ko da zarto da magagari, ko a aika zane a yanko da inji. Inda ake faɗawa rami shi ne zurfi. A bayan allon RV-6 akwai wani bango na biyu da haƙarƙarin da ke riƙe da shi, ga na'ura irin GTN 650 tsawonta da mahaɗanta ya kai inci 11 tun ba a sa lanƙwasar waya ba. Dole a huda bangon na biyu, kuma duk inda aka yanke a mayar da ƙarfinsa da kusurwar alminiyum da ribit, domin shi ma yana cikin ƙashin jirgin. A yanka kwali daidai girman kowace na'ura a gwada a cikin jirgi, a zauna a kujera, a tura sandar tuƙi gaba iyakarta a ga ko hannu zai bugi makunni. Masu murfin gilashi mai ɗagawa ta gaba su lura da hannayen murfin da ke sauka cikin allo in an rufe, da kuma ruwan sama da ke taruwa a bakinsa ya zubo kan rediyo in an buɗe. Tiren rediyo a tallafe shi ta baya. In fuska kaɗai ke riƙe da shi, girgiza za ta riƙa raba fil da mazauninsa.

Waya iri ɗaya ce ta cancanta: mai rigar Tefzel, lambar M22759/16, silin jan ƙarfe da yawa da aka shafe da kuza, mai jure zafi har digiri 150. Rigar PVC tana narkewa da wuri, kuma in ta kama wuta hayaƙinta mai guba ne, a mazaunin da ba a iya tsayawa gefen hanya a fita. Lambar waya tana tafiya a juye, in lamba ta ƙaru waya ta sirance. Lamba 22 ita ce ta yawancin sigina da ƙananan kaya, kuma abin da zai kare ta kada ya wuce amfiya 5. Lamba 20 har 7 da rabi, lamba 18 har 10, lamba 16 har 15, lamba 14 har 20. Ta kik lamba 2 ce ko 4. Abin da mutane ke juyawa shi ne aikin fiyus: waya yake karewa, ba na'ura ba. Wanda fiyus ɗinsa na amfiya 5 ke yawan ƙonewa ya sa na 15 a kan waya lamba 22, ya mai da wayar ce fiyus, kuma tana cikin dami da wasu talatin.

Zafi ba shi kaɗai ne ma'auni ba, akwai wutar da ke zubewa a hanya. A tsarin folt 14 an yarda a yi asarar rabin folt ga mai ci kullum, folt ɗaya ga na ɗan lokaci. Ɗauki abin ɗumama pitot mai amfiya 10 a ƙarƙashin fiffike, a ce ƙafa 15 na waya. Lamba 18 tana da turjiyar kusan om 0.006 a kowace ƙafa, asarar ta kai folt 0.9. A teburin fiyus ta wuce, a wannan ta faɗi. Lamba 14 mai om 0.003 tana ba da folt 0.45. In kuma an jawo wayar komawa maimakon a bi ta jikin jirgi, tsawon ya ninka.

Muhawarar fiyus da bireka ta daɗe, kuma ta fi abin da ke cikinta zafi. Akwatin fiyus irin na mota yana da arha, ba nauyi, mahaɗansa kaɗan ne, kuma yana ba kowace na'ura layinta. Bireka ashirin a jere suna cin fili, kowace da sukuru biyu da za su iya kwancewa. Hujjar masu bireka ita ce ana iya mayar da ita a sama. To amma abin da ya fizge ta bai tafi ko'ina ba, mayarwar ba ta wuce ba wa gobara dama ta biyu. Akwai kuma akwatunan lantarki irin VP-X da ke nuna abin da kowane layi ke ja a sikirin. Suna da daɗin aiki, sai dai akwati ɗaya ne, layin dole ya kamata ya iya rayuwa ba shi. Wuri guda da bireka mai jawowa da hannu ta zama tilas shi ne layin da ke ciyar da altaneta, amfiya 5. In regileta mai daidaita wutar altaneta ta haukace wuta ta haura, na'urar kariya tana gama layin da jiki da gangan a wajen folt 16, bireka ta fita, altaneta ta mutu kafin ta ƙona allo. Mai batirin lithium ba shi da zaɓi a kan wannan kariya. Wutar layi mai lafiya tana zama wajen folt 14 ko ɗan sama kaɗan, kuma fitilar gargaɗin faɗuwar wuta ta fi agogon amfiya amfani, domin ita ce ke faɗa a take cewa altaneta ta daina aiki.

Rile biyu ne manya, kuma sun yi kama har a ruɗe. Na batir an yi shi ya riƙe awa da awanni, na kik na 'yan daƙiƙu ne. In aka sa na kik a gurbin na batir zai yi zafi ya ƙone. Kowanne a gicciya masa dayod a kan naɗinsa, don tartsatsin da ke tashi in an saki kada ya cinye bakin makunni. A makullin inji kuma akwai 'yar gada da ke kashe maganeton dama lokacin tayarwa, in na hagu ne kaɗai ke da abin jinkirta tartsatsi. In aka manta da ita a sabon makulli, na dama zai harba da wuri, injin ya buga baya, har ya iya fasa kik.

Yawancin matsalolin da za su taso bayan shekara guda a bakin waya aka shuka su. A jirgi matsewa ake yi, ba liƙi da dalma ba, sai inda ba makawa. Dalma tana bin silin waya ta hau cikin riga, ta mai da wuri mai laushi sanda, girgiza kuma ta karya shi daidai inda taurin ya ƙare, a cikin riga, inda ido ba ya gani. Kawunan waya na kirki, irin PIDG, suna da hannun ƙarfe na biyu da ke kama rigar. Ja na lamba 22 zuwa 18 ne, shuɗi na 16 da 14, rawaya na 12 da 10. Filayar da za ta matse su mai haƙori ce wadda ba ta saki sai ta kai ƙarshe. Mahaɗan D-sub da ke bayan kusan kowace na'ura suna son fil da aka fafe da inji, da filaya mai matsa ta gefe huɗu irin AFM8 ta Daniels, da mazaunin da ya dace da girman fil ɗin, domin na mahaɗi mai layi uku ya fi na mai layi biyu ƙanƙanta. A jikin fil akwai ɗan rami a gefe; in ba a hango silin waya ta cikinsa ba, wayar ba ta shiga ba. Rigar Tefzel tana da tauri, abin feɗe waya na kasuwa yakan yanke sili biyu ko uku tare da ita, a lamba 22 kuwa sili 19 ne duka. Kowace matsa a ja ta da hannu da ƙarfi. Wadda za ta fita gara ta fita a kan benci.

Hanyar komawar wuta, abin da masu gyaran wutar mota ke kira at, ita ce tushen yawancin ƙarar da ake ji a kunne da lambobin da ke rawa a sikirin. Jirgin alminiyum ne, don haka akwai jarabar a ɗaure kowace waya a sukurun da ya fi kusa. Fitilar fiffike ba ta damu ba. Amma jikin jirgi yana ɗauke da wutar altaneta da ta fitilar walƙiya, kuma tsakanin wuri da wuri akwai bambancin 'yan dubbai na folt, wanda ya isa makirfo ya ji. Magani shi ne wuri guda: farantin tagulla mai harsuna da yawa a jikin bangon inji, ƙusa mai kauri ta ratsa shi, negatif na batir da kitsatstsiyar waya mai kauri daga jikin inji su haɗu a kanta, duk na'urorin allo su komo nan. Wayar injin nan kada a raina ta. Injin yana zaune ne a kan roba, in ta kwance wutar kik za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta rigar wata siririyar waya, ta gasa ta. Ramukan hedifon kuma a raba su da allo da washa ta roba gaba da baya. Kukan da ke hawa da sauka tare da juyin inji, sau da yawa washa ɗaya ce aka manta.

Waya mai sulke tana da ƙa'ida biyu da ke karo da juna, shi ya sa ake rikicewa. Ta sauti ana haɗa sulkenta da at a gefe ɗaya kawai, can wajen akwatin sauti. Ta bayanai kuwa sau da yawa gefe biyu ake so, kuma a nan littafin mai na'ura ne alƙali. Na'urorin G3X suna magana da juna ta layin CAN, waya biyu a murɗe da ke bi daga na'ura zuwa na'ura kamar carbi, ba kamar rassan bishiya ba, da turjiyar om 120 a kowane ƙarshe. Gwajinsa minti ɗaya ne: a kashe wuta a ɗora mita tsakanin wayoyin biyu. In ta nuna 60, daidai. In 120, ƙarshe ɗaya ba a rufe ba. In 40, an sa uku. Mugun halin wannan layi shi ne yakan yi aiki a ƙasa ko da an yi kuskure, sai an tashi servon tuƙi, wato motar da ke motsa sanda in jirgi na tuƙa kansa, ya riƙa ɓacewa yana dawowa. A layin RS-232 kuma, wani nau'in layin bayanai, bakin aikawa na wannan yana zuwa kunnen karɓa na wancan. Haɗa aikawa da aikawa kuskure ne da kusan kowa ya taɓa yi.

Wayar eriya a sauya ta da RG-400 mai sulke biyu, ko da tsohuwar RG-58 tana kama da lafiyayya. Eriyar GPS a nisanta ta da ta rediyo, don akwai wani lissafi da ke cizo: GPS tana saurare a megahaz 1575.42, magana a 121.175 kuwa in aka ninka ta sau 13 tana faɗawa kusan nan, haka 131.25 sau 12. Shi ya sa bayan an gama ake danna maɓallin magana a waɗannan tashoshi na kusan rabin minti ana kallon ko taurarin za su ɓace. Na'urar da ke jin maganaɗisun ƙasa, wadda ta gaji kamfas, wurinta fiffike ne ko can bayan jiki, nesa da ƙarfe da mota da waya mai ɗaukar wuta da yawa, kuma da sukurun tagulla ake ɗaure ta. Duk wayar wuta da za ta wuce kusa da ita a murɗe ta da abokiyar komawarta.

Na'urorin auna inji suna da nasu tarko. Masu auna zafin hayaƙi nau'in K ne, wayarsu ba jan ƙarfe ba ce, wasu ƙarafa biyu ne daban, kuma in za a ƙara tsawo sai da irinta. A tsarin launin Amurka ja a nan negatif ne, rawaya fozitif, akasin abin da hannu ya saba. In aka juya, inji na zafi lamba na sauka. Masu auna matsin mai da na man inji ba a ɗaura su a jikin inji, nauyinsu da girgiza sukan tsage mahaɗin. A bango ake kafa su, tiyo ya kawo musu, da mahaɗi mai ƙanƙanin rami a gefen inji don in tiyon ya fashe mai ya fito kaɗan kaɗan. Wannan ma dama ce ta raba mazauni da tsofaffin bututun da ke kawo fetur da man inji har bayan allo. Siraran wayoyi biyu da ke fitowa daga abin auna amfiya suna ɗauke da cikakkiyar wutar batir, kowace tana bukatar nata ƙaramin fiyus a tushe. Tankin mai kuma sai an koya wa sikirin shi: a zazzage shi, a daidaita jirgi, a riƙa zuba galan biyu biyu ana dannawa. Saboda fiffiken ya ɗan ɗaga sama, abin da ke yawo a kan man yana kaiwa rufi tun tankin mai galan 19 bai cika ba, don haka galan na sama ba sa nunawa.

Damin waya a ɗaure shi da maƙalai masu roba, tazararsu kada ta wuce inci 24, ya bi ta saman bututun mai ba ta ƙasa ba, ya nisanci sandar tuƙi da fedar wutsiya a duk iyakar motsinsu. Kowane rami da zai ratsa a sa masa zoben roba, na bangon inji kuma ya zama na baƙin ƙarfe mara tsatsa da abin toshewa mai jure wuta. Kowace waya da lambarta a ƙarshe biyu, lambar kuma tana kan zane. Sannan a bar rara. Duk wanda ya taɓa kwanciya rigingine a ƙasan RV-6, kansa a wajen feda, ƙashin fiffike na tokare masa baya, tocila a baki, yana laluben fil na 17 a mahaɗin da ba ya iya gani, ya san darajar inci shida na rarar waya da za su bari a zaro sikirin a ɗora a cinya. Babban ramin sikirin shi ne ƙofar shiga bayan allo, a tsara abubuwa yadda hannu zai kai gare su ta nan.

Ranar ba da wuta ba a haɗa na'ura ko ɗaya tukuna. A zare fiyus duka, a bi kowace waya da mita daga fil zuwa fil ana sa alama a zane. Lambobin D-sub suna juyewa in an kalle su ta baya, kuma nan ne wuta ke shiga inda sigina ya kamata. Sai a sa fiyus ɗaya, a auna folt a fil ɗin da ya dace, a kashe, a haɗa na'urar, a kunna, a wuce na gaba. In akwai injin ba da wuta na benci mai iyakance amfiya, ya fi batir, domin batir ba ya jin kira.

Saura abin da ba na waya ba. An taɓa tiyoyin iska, don haka sai an gwada yoyo: a zuƙe layin iskar gefe, wanda ke kai wa agogon tsayi iska, har agogon tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da filin, a toshe, kada ya sauka fiye da ƙafa 100 cikin minti ɗaya. A yi shi a hankali, kuma a haɗa da layin pitot, don zuƙa ta gefe ɗaya tana lalata agogon gudu. Taransfonda tana bukatar gwajin mai lasisi duk wata 24, mai tashi cikin gajimare kuma har da tsarin tsayi. A sake auna jirgin a kan sikeli, tunda famfo da jairo da suka fita daga gaba sun matsar da tsakiyar nauyi baya, RV-6 kuwa dama ba ya son kaya da yawa a baya. A duba takardar sharuɗɗan jirgin a ga ko canjin ya kai babba, wanda ke mayar da shi zangon gwaji na aƙalla awa 5.

Abu na ƙarshe kafin a ja jirgin waje shi ne alkiblar duk abin da ke motsi. Motar tirim, mai motsa ɗan harshen wutsiya da ke daidaita hancin jirgi, wayoyinta biyu sirara ne masu kama da juna, kuma juya su ba ya ƙona komai, tana dai tafiya baya ne. Mutum ɗaya ya zauna ciki ya danna hanci sama, wani ya tsaya a wutsiya ya ga ɗan harshen tirim ya sauka ƙasa. Haka servon tuƙi: a umarce shi dama, a ga sanda ta tafi dama, a kuma tabbata hannu na iya rinjayarsa kuma maɓallin sakinsa na aiki. Bayan tashin farko, wanda za a yi da rana, sama tas, kusa da fili, sai a shiga shafin FAA a nemi rahoton aikin ADS-B na wannan tafiya. Yana isowa ta imel, kuma duk gurbin da ya fito da ja, ko lambar jirgi ce aka shigar ba daidai ba ko GPS ce ba ta kai wa taransfonda bayani, akwai saiti ko waya da za a koma a duba.